Ɗora Tsohuwar Windows Bisa Sabuwa

'Yan'uwana ɗalibai, musamman ku da za a tura koyon aikin koyarwa a zango mai zuwa, ina so in yi muku bayanin wani abu wanda ba ya cikin darussan da a ke koya mana a aji, amma ba wuya ya faɗo wa mutum ran da ya sa ƙafa a makaranta. Kun san halin mutanenmu. Da an ga saurayi ya fito daga kwaleji yana latsa waya, shi ke nan an ɗauka ba abin da ya ɓuya masa game da kwamfuta. Haka aka ɗauke ni a wata makarantar firamare da ke unguwar Ƙofar Dumi cikin birnin Bauchi, inda na yi nawa koyon aikin a 2025. Ni kuwa ban musa ba, gama yabo yana da daɗi.

Ga yadda abin ya faru. A ofishin Hedimasta akwai kwamfutar tafi-da-gidanka, ta hannu ce aka sayo, ta zo da Windows 11 a cikinta. Akwai kuma wata tsohuwar firinta wadda ta yi shekara da shekaru tana buga takardun sakamakon yara, tun makarantar na aiki da wata kwamfutar tebur mai Windows 7. Da ta tebur ta mutu aka haɗa firintar da sabuwar, sai ta ƙi motsi. Ga jarrabawa ta ƙarato. Ran nan Hedimasta ya aika aka kira ni, ya ce, "Malam ƙarami, an ce ka san kan wannan abu. Ka cire mana wannan sabuwar da ba mu gane mata ba, ka mayar mana da irin wadda muka saba." Na ce, "Ranka ya daɗe, ai wannan aikin yini guda ne."

Kafin in faɗi abin da ya biyo baya, bari mu fara sanin abin da a ke magana a kai. Kwamfuta dai ƙarfe ce da wayoyi, ba ta san kome ba sai an zuba mata manhaja. A cikin manhajojin akwai uwa, wadda ita ce ke fara tashi in an kunna, ita ke raba aiki, ita ke tsare fayiloli, ita ce kuma ke magana da allon rubutu da linzami da firinta a madadin sauran. Ita na ke kira babbar manhaja. Wadda aka fi sani a ƙasarmu ita ce Windows ta kamfanin Microsoft na Amurka, tana kuwa da zuriya mai tsawo. Windows XP ta fito a 2001, Vista ta shiga kasuwa a 2007, Windows 7 a 2009, Windows 8 a 2012, Windows 10 a 2015, sa'an nan Windows 11 a watan Oktoba na 2021.

To, hawa daga tsohuwa zuwa sabuwa abu ne mai sauƙi, amma saukowa ba haka ta ke ba. Dalili kuwa ba boyayye ba ne. Ku tuna da abin da iyayenmu ke ba mu labari, ran 1 ga Janairu 1973 da aka sake kuɗi a Nijeriya, aka bar fam da sule da kwabo irin na dā aka kama naira. Wanda ya kai fam ɗaya banki a lokacin sai a ba shi naira 2, domin masu naira sun san fam, sun kuma shirya yadda za su karɓe ta. Amma a ce akwai wani falke da ya yi barci tun 1960, ka tashe shi ka miƙa masa naira, me zai yi da ita? Takarda ce kawai a wurinsa. Haka su ke waɗannan manhajoji. Waɗanda suka rubuta Windows 11 sun san Windows 10 ciki da waje, saboda haka suka yi mata hanyar karɓar fayilolinka da manhajojinka da duk yadda ka tsara abinka. Waɗanda suka rubuta Windows 7 kuwa ba su san abin da za a ƙago bayan shekara 12 ba. In ta tarar da tsarin sabuwa a kan faifai, ba ta da yadda za ta gaje shi.

Akwai dai wata 'yar ƙofa guda da a kan bar wa mutum a buɗe. In kai ne ka hau daga Windows 10 zuwa 11 a kan kwamfutarka, sabuwar ba ta zubar da tsohuwar nan take. Ta kan tattara ta cikin wata jaka mai suna Windows.old, ta ba ka kwana 10 ka yi shawara. Cikin kwanakin nan in ka shiga Settings, ka bi System, ka isa Recovery, za ka ga inda za ka taɓa a mayar da kai gidanka na jiya, fayilolinka ba abin da zai same su. Da fari wata guda a ke bayarwa, a 2016 aka rage. In kwanakin suka cika sai a share jakar domin a sami wuri, ƙofa ta rufe ke nan. Waɗansu kuma da hannunsu su ke sharewa, su ga jaka ta cinye musu gigabait masu yawa su ce shara ce. Mu dai wannan hanya ba ta shafe mu ba, gama tamu da 11 ta zo, kuma 7 mu ke nema.

Abin da ya rage shi ne ɗorawa daga tushe, watau a rushe ginin duka a sake sabon harsashi. Ko Windows 10 ce ka nemi sa wa daga cikin 11, in ka iso wurin da a ke tambaya me ka ke so a bar maka, za ka ga zaɓi ɗaya kaɗai ke aiki, shi ne kada a bar kome. Duk wanda ya ce maka zai saukar maka da Windows ba tare da ka rasa manhajojinka ba, tambaye shi ta wace hanya.

Na samo filash mai gigabait 8, na zuba masa Windows 7 da wata 'yar manhaja da a ke kira Rufus, na kwashe fayilolin da na gani na Hedimasta na adana a wani filash dabam. Na sake kunna kwamfuta domin ta tashi daga filash ɗin. Ta ƙi.

A nan ne na fara sanin mai gadin ƙofa. Ku da kuka san tarihin Bauchi kun san Sarki Yakubu, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, shi ya kafa birnin ya kewaye shi da ganuwa, aka yi mata ƙofofi irin su Ƙofar Ran da Ƙofar Wunti da Ƙofar Wase da ita Ƙofar Dumi, wadda yau sunanta ya zama sunan unguwa. A biranen Hausa masu ganuwa kowace ƙofa tana da mai tsaronta, baƙon da bai sani ba sai ya tsai da shi. To, cikin kowace kwamfuta akwai wata ƙaramar manhaja da ke zaune a jikin ƙarfen kansa, ita ke farkawa tun kafin Windows. Ta dā sunanta BIOS, ta yanzu UEFI. Tun zamanin Windows 8 aka ƙara mata wani tsaro mai suna Secure Boot, aikinsa shi ne ya duba hatimin duk abin da ke neman tayar da kwamfuta, wanda ba shi da hatimin da ya sani ya hana shi wucewa. An yi haka ne domin miyagun manhajoji masu laɓewa su tashi kafin Windows. Ita kuwa Windows 7 an haife ta kafin a kafa wannan doka. Tilas na shiga cikin UEFI na sallami mai gadin, na kuma kunna wani yanayi da ke sa sabuwar na'ura ta yi kwaikwayon BIOS ta dā. Na yi sa'a tamu tana da shi. Kwamfutoci da yawa na 'yan shekarun nan an cire musu shi ɗungum.

Ta tashi, na yi murna. Ban yi nisa ba sai ta tsaya ta ce wai ba ta ga direban na'urar faifan CD ba, alhali ba faifan CD a wurin. Abin da ke ciki shi ne, kowane ƙarfe da ke jikin kwamfuta yana bukatar tafinta tsakaninsa da babbar manhaja, shi ne masu gyara ke kira direba. Windows 7 ba ta zo da tafintan ƙofar USB 3.0 ba, sababbin kwamfutoci kuwa duk ta wannan hanya su ke magana da filash. Watau ta shigo ta ƙofa, ta juya ba ta gane ƙofar ba. A kan kwamfutar tebur abin ya kan fi haka muni, domin allon rubutu da linzami su ma ta USB su ke, sai ka ga mutum zaune gaban fuskar kwamfuta ba abin da zai iya taɓawa. Na tafi wurin wani mai gyara a cikin gari ya ara mini filash wanda aka riga aka cusa wa wannan direba. Yanzu da na ke tunawa, ban san wanda ya haɗa Windows ɗin da ke cikinsa ba, ban kuma san abin da ya ƙara mata ba, na ɗauka na sa a kwamfutar da ke riƙe da sunayen 'ya'yan mutane.

Yanzu mun iso inda na faɗi, ina roƙonku ku karanta nan a hankali.

Faifan ajiya na kwamfuta a kan raba shi ɓangare ɓangare kamar ɗakunan gida, a farkonsa kuma akwai ɗan littafin da ke nuna iyakar kowane ɗaki. Littafin nan iri biyu ne. Tsohon, MBR, tun 1983 a ke aiki da shi, manyan ɓangarori 4 kaɗai ya ke iya riƙewa, kuma ba ya ƙirga abin da ya wuce terabait 2. Sabon, GPT, yana riƙe har 128 a Windows, shi ne abokin tafiyar UEFI. Windows 11 ba ta zama sai a kan GPT. Windows 7 mai bit 64 tana iya zama a kansa in ta hanyar UEFI aka tashe ta, amma filash ɗin da aka ara mini an shirya shi bisa tsohuwar hanya ne. Da na zaɓi ɓangaren da zan ɗora, sai ta ce ba za ta sauka nan ba, faifan na GPT ne. Maganin da na ji ana faɗi shi ne a share ɓangarorin duka, faifai ya koma fili, ita ta sake rubuta littafin irin nata. Na dubi jerin, na ga ɓangarori huɗu ko biyar, waɗansu ƙanana ba su da suna. Na ce a raina ai na riga na kwashe kaya. Na bi su ɗaya ɗaya na share.

Ashe abin da na kwashe na ɓangaren C ne kaɗai. Malamin da ke kula da jarrabawa yana ajiye makin gwajin yara na zango biyu a ɓangaren D, domin an taɓa gaya masa nan ne wurin da ba ya ɓacewa in an sake Windows. Gaskiya aka gaya masa, in C kaɗai aka taɓa. Ban tambaye shi ba, shi kuwa bai san ina aikin ba, yana aji.

Kada ku sa rai da cewa za a tono abin da aka share. A tsohon faifai mai juyawa a kan dace wani lokaci, in ba a rubuta wani abu a kai ba. Amma ni na riga na zuba Windows 7 a bisa wurin. Sababbin faifai marasa juyawa, waɗanda a ke kira SSD, su kan goge abin da aka share da kansu ba da jimawa ba. Har ila yau kwamfutoci da yawa masu Windows 11 faifansu a kulle ya ke da wani makulli mai suna BitLocker, wanda mabuɗinsa na gaggawa lamba 48 ne. In ba ka da lambobin nan, ko an tono abin ba ya karantuwa. Saboda haka kafin ka taɓa UEFI ma, nemi mabuɗin nan ka rubuta a takarda, gama sauya tsarin tashi kaɗai ya isa ya sa kwamfuta ta nemi ka kawo shi.

Da ma a ce bayan wannan hasara aiki ya yi kyau, da da sauƙi. Windows 7 ta hau, firinta ta buga, amma kwamfuta ba ta ganin intanet, ba ta da murya, rubutu kuwa ya yi faɗi kamar an ja shi da hannu. Duk rashin tafinta ne. Tun 2016 Microsoft ta yi shela cewa sababbin ƙwaƙwalen kwamfuta, daga zuriya ta 7 ta kamfanin Intel zuwa gaba, da Windows 10 za a tallafe su, ba da 7 ba. Masu ƙera kayan su ma suka daina rubuta mata direbobi. Ga shi kuma sai da intanet a ke sauko da direba, direban intanet ɗin ne kuwa babu. Wanda ya yi niyyar wannan aiki, ya fara duba ko akwai direbobin kwamfutarsa na tsohuwar Windows ɗin, ya sauko da su ya ajiye a filash tukuna. In bai same su ba, amsa ta fito tun bai ɓata kome ba.

Akwai kuma wata magana wadda ta fi ta direba nauyi. Ganuwar ƙasa ba a gina ta sau ɗaya a huta. Kowace damina ruwa na cin ta, in rani ya yi a yi gayya a yaɓe inda ya tsage. Babbar manhaja ma haka ta ke, kullum ana gano tsaga a jikinta, kamfani na aiko da gyara ta intanet wata wata. Ran da aka daina aikowa, tsagar da aka gano bayan nan ta zauna ke nan. An daina yi wa Windows XP ran 8 ga Afrilu 2014, Windows 7 kuwa ran 14 ga Janairu 2020. In kuna so ku san abin da rashin yaɓe ke jawowa, a watan Mayu na 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu cikin ƙasashe wajen 150, tana kulle fayilolin mutane tana neman fansa, har asibitoci a Ingila suka dakatar da ganin marasa lafiya. An riga an fitar da gyaran tsagar da ta bi tun watan Maris, waɗanda ba su sa ba su ta kama, yawancinsu kuwa masu Windows 7 ne. A lokacin ma ana aiko da gyara ke nan. Manhajar shiga intanet ta Chrome ita ma ta rabu da Windows 7 a farkon 2023. A ganina kwamfutar da ke shiga intanet ba ta da sauran hujjar komawa 7.

Komawa Windows 10 ya fi sauƙi ƙwarai, domin ta san UEFI da GPT da USB 3.0, direbobinta kusan ɗaya ne da na 11, lasisinsu ma ɗaya ne in aji ɗaya ka ɗora, Home a kan Home, Pro a kan Pro. Na kuma san dalilin da ke sa mutane nemanta. Windows 11 tana son ram gigabait 4 ko fiye, da faifai mai gigabait 64, da wani ɗan makullin ƙarfe mai suna TPM 2.0, amma a kan sami kwamfutocin hannu da aka cusa musu ita da dabara ba su cika sharaɗi ba, sai su riƙa jan ƙafa. Sai dai ita ma 10 ɗin an rufe tallafinta ran 14 ga Oktoba 2025, aka yi shelar ƙarin shekara ɗaya na gyaran tsaro ga waɗanda suka yi rajista. Irin wannan kwamfuta mai rauni, in rubutu da lissafi da intanet ne aikinta, gara a gwada mata Linux Mint ko Lubuntu, kyauta ne, ana kuma yaɓe su.

Waɗansu kan so su zaunar da biyu a faifai ɗaya, kowace da ɓangarenta. Yana yiwuwa, amma masu gyara suna da ka'ida tun zamanin XP: babba ya fara shiga, sa'an nan ƙarami. In ka sa XP bayan 7, sai ta rubuta nata mai tayarwa a kan na 7, ka kunna ka ga XP kaɗai, 7 tana nan kwance amma ba hanyar isa gare ta sai an gyara. Labarin falke ne dai. A waya kuwa abin ya fi tsauri. Kamfanin Apple ya kan daina sa hatimi ga tsohuwar manhajar iPhone jim kaɗan bayan fitowar sabuwa, wayoyin Android da yawa kuma suna da tsaron da ke hana komawa baya.

Abin da ya kamata in yi tun farko shi ne in tambayi kaina, mene ne ainihin abin da ya ƙi? Firinta ce, ba Windows ba. Akwai yanayin jituwa a cikin Windows 10 da 11, inda za ka danna fayil da maɓallin dama na linzami, ka shiga Properties, ka ce a ɗauke shi kamar a Windows 7 ya ke. Ba kullum ya ke ci ba, amma gwada shi ba ya share kome. In ya ƙi, akwai VirtualBox, manhajar da ke gina kwamfutar ƙarya a cikin ta gaske, ka zaunar da tsohuwar Windows a ciki kamar baƙo a zaure, ba ta taɓa cikin gida ba.

Na je na sami Hedimasta na gaya masa abin da na yi, ban rage kome ba. Ya yi shiru har na ƙosa, sa'an nan ya ce, "Littattafan maki na malamai suna nan?" Na ce suna nan, ranka ya daɗe. Ya ce, "To, ka san aikinka." Allah ya taimake ni makarantar ba ta bar rubutu da biro ba. Na mayar da Windows 11, na maido da mai gadin ƙofa wurinsa. Ni da malamin jarrabawa muka yi mako biyu muna zama bayan an tashi, yana karanto suna da maki ina bugawa, aji shida, in an ɗauke wuta mu ci gaba har batir ya ƙare. Bai taɓa ɗaga mini murya ba, sai dai kowace yamma in mun gama ya kan miƙo filash ɗinsa ya ce, "Malam, zuba mini nawa a nan tukuna."

Firintar kuwa, a rana ta uku na ɗauko tsohon direbanta na Windows 7 na sa shi ta yanayin jituwa. Kafin malamin jarrabawa ya dawo daga alwala ta buga takardar gwaji.